Duba kundi kafin ka kai ƙara: ɗan tarihin neman ƙwaro a cikin manhaja

Bara, a shekarata ta uku a sashen ilimin harsuna, an ba mu aikin tattara kalmomin sana'a. Ni na ɗauki na majema, don da hutu ina sauka wurin kawuna a Damagaram, kuma ya san mutanen. Na dawo da kalmomi cike da littafi biyu, na zuba su cikin wata manhaja ta kyauta da ake tsara ƙamus da ita, na ce ta jera mini su daga a zuwa z. Ta jera. Amma da na duba ƙarƙashin k, babu ƙirgi. Na duba ƙarƙashin b, ga bagaruwa, babu ɓawo. Sai can ƙasa, bayan zare, na tarar da su a takure wuri guda kamar baƙin da ba a ba tabarma ba: duk kalmar da ta fara da ƙ, sannan ƴ, sannan ɓ, sannan ɗ.

Wani abokina da ke karatun kwamfuta, muna shan shayi a fada, ya ce mini wannan ai ƙwaro ne, kuma masu manhajar suna da kundi inda ake rubuta irin waɗannan matsaloli, kowace da lambarta. Ya ce, "Amma fa ka nema tukuna, kada ka kai ƙarar da an riga an kai." Na nema. Na rubuta sunan harshenmu yadda Ingilishi ke rubuta shi, ba kome. Na rubuta yadda Faransanci ke rubutawa, ba kome. Na buga harafin ƙ shi kansa, shiru. To, sai na zauna da ɗan Ingilishina na koleji na rubuta rahoto, har ina jin kaina. Bayan kwana biyu aka rufe shi da kalma ɗaya mai nufin "maimai ne", aka liƙa lambar wani tsohon rahoto. Wallahi abin ya sosa mini rai, mega na jikka guda na ƙone a kansa. Wannan haushin ne ya sa na bi sawun abin: wa ya fara wanga kundi, kuma don me nema a cikinsa yake da wuya haka?

Kalmar da Ingilishi ke amfani da ita ita ce bug, wato ƙwaro. Ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun 1878 Thomas Edison ya yi amfani da ita a wata wasiƙa, yana nufin ƙananan tangarɗa da ke ɓullowa a sabuwar na'ura. Labarin da ya fi yawo shi ne na ranar 9 ga Satumba 1947 a jami'ar Harvard ta Amurka. Na'urar lissafi mai suna Mark II ta ƙi aiki daidai, aka bincika, aka sami ƙwaro na gaske ya maƙale a makunni mai lamba 70. Ƙwaron dangin malam-buɗe-littafi ne, irin na dare mai zuwa wurin fitila, kuma littafin ya ƙare a ciki: ma'aikatan suka manna shi a shafin rajistar aikin ranar, suka rubuta lokaci, suka yi ba'ar cewa yau dai an kama ƙwaro da idonsa. Ba'ar kanta shaida ce cewa kalmar tana bakinsu tun da. Grace Hopper, wadda ta yi aiki da na'urar, ita ta yi ta ba da labarin har ya bazu. Shafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian a Washinton.

Abin da ya ja hankalina a shafin nan rajistar ce, fiye da ƙwaron. Ga rana, ga sa'a, ga wuri, ga abin da aka gani. Duk wanda ya taɓa zuwa likita da karne ya san tsarin. Kuma nema a irin wannan littafi ba ya buƙatar dabara: ka san kusan ranar, ka buɗa shafi. Mutanen kaɗan ne, ɗaki ɗaya, harshe ɗaya, kowa ya san sunan da ɗan uwansa ke ba kowane sashe na na'ura.

Wahalar ta faro ne da masu kai ƙara suka yi yawa kuma ba su san juna ba. A 1992 aka fito da GNATS na aikin GNU, inda kowane rahoto fayil ne na rubutu zalla da ake ajiyewa bisa rukuni. A 1994 Ian Jackson ya rubuta wa Debian nasu tsarin: ka aika saƙon imel, a ba rahotonka lamba, duk mai magana a kansa ya ambaci lambar. Har yau suna kansa. Lambar nan babban abu ce in ka duba da idon mai nazarin harshe, don ita ce suna na farko da matsala ke samu wanda ba ya canzawa daga baki zuwa baki. Sai dai lamba tana amfanar wanda ya riga ya san ta. Baƙo irina da kalma yake zuwa.

Sai 1998. A watan Maris na shekarar, kamfanin Netscape ya buɗe wa duniya rubutun manhajarsa ta shiga intanet, aka kafa Mozilla, kuma kowa daga ko'ina yana iya kawo rahoto. Terry Weissman ya rubuta musu Bugzilla, aka sake ta ga jama'a a cikin shekarar. Ita ce ta mai da nema babban aiki. Shafin nemanta cike yake da gurabu: wane sashe, wane fitowa, wa ya kawo, wa aka ɗora wa, yana buɗe ko an rufe. In an rufe kuma da wane dalili: an gyara, ko ba za a gyara ba, ko "ni a wurina yana aiki", ko kuwa maimai ne, hukuncin da ya faɗo a kaina. A 2014 lambar rahotannin Mozilla ta kai miliyan ɗaya. Ka yi tunanin rajistar alkali mai ƙara miliyan, a ce kafin ka shigar da taka sai ka tabbata ba a taɓa kawo irinta ba.

Akwai wani abu a Bugzilla da ya sa na yafe wa masu kundi rabin haushina. In ka nema ba a sami kome ba, ba ta ce maka "babu ƙwaro" da Ingilishi tsararre. Takan ce Zarro Boogs, wato an karkata rubutun "sifiri ƙwaro" da gangan, kamar mu rubuta "bebu ƙwero". Weissman ya ba da asalinsa: da aka fitar da Netscape 4.0 an yi biki, aka raba riguna masu wannan rubutu, alhali kowa a wurin ya san ƙwari na nan jibge. Saƙon na tuna wa mai nema cewa rashin sakamako ba ya nufin lafiya lau. Mai yiwuwa ba a rubuta ba tukuna. Ni zan ƙara da nawa: mai yiwuwa an rubuta, da kalmar da ba taka ba.

Waɗanda suka biyo baya ba sai na daɗe a kansu ba. Mantis ta zo a 2000, sunan ƙoƙi-ƙoƙi ke nan, mai cin ƴan uwansa ƙwari. Jira ta kamfanin Atlassian na Ostareliya ta zo a 2002, kuma ba jiran da muka sani ba ne, ko da yake wanda ya kai ƙara a can yakan sha shi. An gutsuro sunan daga Gojira, yadda Japanawa ke kiran dodon fim Godzilla, don tsokanar Bugzilla. A 2009 Jira ta sami ɗan harshenta na tambaya, JQL, a shekarar kuma GitHub ya buɗe nasa kundin. Duka dai a kan tushe guda suke, lissafin George Boole na 1854: wannan DA wancan, wannan KO wancan, BAN DA wancan. Kana iya cewa a kawo maka rahoton da ke buɗe, da ya ambaci jeri, ban da wanda aka ɗora wa wani. Nahawu ne ƙarami, ba shi da karin magana, ba shi da habaici. Wata al'ada kuma da ke cin baƙo: a tsari da yawa, in ba ka faɗa ba, rahotannin da ke buɗe kaɗai ake nuna maka, alhali amsar takan kwana cikin rufaffu.

Yanzu ga inda karatunmu ya shigo. Injin nema ba ya jin ma'ana, siffar kalma yake kwatantawa. Don rage wannan makanta, Martin Porter ya fitar da wata dabara a 1980 ta yanke wa kalmomin Ingilishi wutsiya, ta yadda jam'i da tilo da sauran sifofi za su koma saiwa ɗaya. A Ingilishi tana tafiya, don yawancin canjin a ƙarshen kalma yake. Gwada ta a kan ƙirgi da ƙiraga, ko gulbi da gulabe, inda canjin ya shiga cikin ciki. Wannan ma a ce da Hausa ake rubuta rahoton ke nan, abin da ban taɓa gani ba. Ko cikin Ingilishin, mutum uku za su ga matsala guda, ɗaya ya ce manhaja ta daskare, ɗaya ya ce ta maƙale, ɗaya ya ce ba ta amsawa. Rahoto uku, ƙwaro ɗaya. Shi ya sa daga fitowa ta 4.0 a 2011 Bugzilla ta fara nuna maka rahotanni masu kama da naka tun kana rubuta kanun. Taimako ne, amma shi ma kalma yake bi.

Da na buɗe tsohon rahoton da aka tura ni, sai na ga dalilin da ya sa ban same shi ba. Wani mai aiki a kan Fulatanci ya rubuta shi shekaru kafin nawa. Su ma suna da ɓ da ɗ da ƴ. Bai ambaci Hausa ba, ba ruwansa. Haruffan kuma bai buga su a rubuce ba, hoton allonsa ya ɗauka ya liƙa, injin nema kuwa ba ya karanta hoto. Kalmomin da ya sa a kanu biyu ne da ban sani ba a lokacin: hook, ƙugiya, don a kundin Unicode sunan ƙ shi ne "k mai ƙugiya", da collation, sunan da masana ke ba ƙa'idar jera haruffa. Mu muna cewa lanƙwasa, Faransanci na cewa crochet ko crosse. Na yi ta kiran yaro da sunan gida a inda sunan makaranta kaɗai aka sani.

A ƙarƙashin rahoton wani ya yi bayanin cutar, kuma mai sauƙi ce. Kowane harafi yana da lamba a Unicode. Ta k ita ce 107, ta z 122. Ta ƙ kuwa 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Manhajar ba ta san abacadar kowa ba, lamba take bi daga ƙarama zuwa babba, shi ya sa namu suka faɗa bayan z, kuma a daidai jerin da na gani: ƙ, ƴ, ɓ, ɗ. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata, kamar an karanta mini sakamakon awon jini. Akwai ƙari. Harafin é na Faransanci, a ƙa'idar Unicode, yana rabuwa gida biyu, e da alamar sama, don haka manhaja na iya gane danginsa cikin sauƙi. Ƙ ba ya rabuwa, harafi ne mai zaman kansa. Kuma daidai ne, don baki daban baƙi daban, kare daban ƙare daban. Amma sakamakon shi ne sai wani ya zauna ya gaya wa manhaja cewa ƙ bayan k yake zama. Wanda zai gaya mata kuma sai ya san cewa mu a Nijar, bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, ƴ muke rubutawa, a Najeriya kuwa 'y, harafi biyu a idon kwamfuta. Mai neman ƴaƴa ba zai sami 'ya'ya ba.

Wasu a fada sun ce raini ne, Turawa ba su damu da harsunanmu ba. Ban ce babu kamshin gaskiya ba. Amma na karanta zaren rahoton daga sama har ƙasa, kuma abin da na gani ya fi raini ban takaici. Ɗaya daga masu gyara ya tambaya tun a shekarar farko: wane jeri ne daidai, kuma harsuna nawa abin ya shafa? Ba wanda ya amsa. Masu gyaran ƴan sa kai ne, sukan fara da matsalar da ta fi tara mutane, kuma a kundi yawan mutane na nufin yawan waɗanda suka iso rahoton suka ce "ni ma". Mu da abin ya shafa, miliyoyi, ko ba mu san da kundin ba, ko mun nema da kalmarmu mun koma hannu wofi. Shi ma rufe nawa rahoton da na ɗauka wulaƙanci ne, da aka yi shi sai lambata ta bayyana a jikin tsohon, shaida ta biyu a shekaru.

Na koma na yi rubutu ƙarƙashin tsohon rahoton. Na sa sunan Hausa da rubutun Ingilishi da na Faransanci, na buga haruffan huɗu manya da ƙanana a rubuce, na jera abacadarmu yadda take, na kawo misalin kafa da ƙafa, na faɗi bambancin ƴ da 'y. Na sa kalmar crochet ma, don ɗalibin Tawa ko na Yamai da zai zo nema da Faransanci. Abokaina biyu da ke aikin ƙamus su ma sun shiga sun ce abin ya same su.

Har ranar da nake wannan rubutu rahoton yana buɗe. Aikin majema kuwa na miƙa shi a kan lokaci, da dabarar da abokin nan nawa ya koya mini: na mai da kowane ƙ ya zama kzz, ɓ ya zama bzz, haka ɗ da ƴ, na sa manhaja ta jera, sannan na maido su. Wuri guda ya kuɓuce mini, malam ya zagaye shi da jan biro a shafi na 14, ya rubuta a gefe yana tambaya wane yare ne kzzirgi.