Daga Talabijin ɗin Yamai zuwa Wayar Malami

A shekarar 1964, Jamhuriyar Nijar, da tallafin Faransa, ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin. A Yamai ƙwararru ke shirya darussan da Faransanci, a aji kuma sai a ajiye mai kula da yara wanda horonsa bai taka kara ya karya ba. Aikinsa shi ne ya kunna akwatin, ya maimaita abin da aka nuna.

Kwaddibuwa ta bi sahu a 1971, daga cibiyar Bouaké. Malamai da iyaye suka yi ta ƙorafi, har aka rufe shirin a farkon shekarun 1980. Darussan sun yi kyau, amma an mayar da malami ɗan kallo a ajinsa.

Yau lamarin ya juya. Tun rufe makarantu a 2020, malamai da dama ke koyon ɗaukar bidiyo, tace sauti da haɗa hotuna ta intanet, da wayar hannu kawai. Malamin da ya san inda ɗalibansa ke tuntuɓe, shi ke tsara darasin, da harshen da suke ji. Abin da shirin Yamai ya rasa ke nan.