Yadda Hanyar Ƙafa Ta Shiga Cikin Na'urar GPS

A daren 1 ga Mayun 2000, wayewar garin 2 ga wata, gwamnatin Amurka ta daina wani abu da ta shafe shekaru tana yi da gangan, wato gurɓata saƙon da taurarin ɗan adam na GPS ke aiko wa farar hula. Kafin wannan dare, mutum na iya tsayawa cik a ƙofar gidansa da na'ura a hannu, ta ce masa yana can nesa da mita 100, in an jima kuma ta sauya magana ta jefa shi wani gefen. Da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni aka cire wannan tarnaƙi, kuskuren ya sauko zuwa mita goma ko ashirin. Jirgin da ke tsakiyar teku bai damu da mita 100 ba. Amma mai tafiya a ƙasa, a gefen tsauni, hazo ya rufe shi, mita 100 ɗin nan ita ke raba turba da bakin kwazazzabo.

Ba a kwana biyu ba sai ga wani mutum mai suna Dave Ulmer, ranar 3 ga Mayu, ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba 'yan tarkace a ciki, ya sanar da lambobin wurin a intanet, ya ce mai iyawa ya nemo. Aka kuwa nemo. Daga nan wasan ɓoye kaya a nema da GPS ya samo asali, kuma zuwa watan Satumba Jeremy Irish ya buɗe masa shafi da maɓoya 75. Dubban mutane suka bazama daji da na'ura, sai suka ci karo da abin da masu hawan duwatsu suka riga su sani: na'urar ta san inda kake, amma ba ta san abin da ke kewaye da kai ba.

Ba domin su aka ƙera ta ba tun farko. An harba tauraron farko a 1978 domin aikin soja. Sai a 1983, bayan Tarayyar Sobiyat ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya, mutum 269 suka hallaka, Shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin farar hula ma za su amfana. Kamfanin Magellan ya fito da na'urar hannu ta NAV 1000 a 1989, kuɗinta kusan dala 3,000. A shekarar ce kuma Gary Burrell da Min Kao suka kafa kamfanin da ya zama Garmin a jihar Kansas. Tsarin bai cika da taurari 24 masu aiki sosai ba sai 1995.

Abin da waɗannan na'urori ke nunawa bai taka kara ya karya ba: lambobi biyu, da kibiya, da wani siririn layi da ke bin bayan mutum yana nuna inda ya bi. Babu rafi, babu tudu, babu mararraba. Mai tafiya sai ya ciro taswirar takarda daga jaka, ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya sa rula ya nemo inda lambobin suka faɗa. Duk da haka na'urar ta samu karɓuwa, domin sauraro kawai take yi. Tana kama saƙon taurari huɗu ko fiye daga nisan kilomita 20,200, ta yi lissafinta, ba ta buƙatar sabis na waya, kuma batir biyu irin na rimot sun ishe ta wuni guda. Ruwan-ɗorawar eTrex da Garmin ya fitar, wadda masu auna filaye da masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙasashenmu ma suka saba riƙewa, ita ta sa farashi ya sauko har talakan mai yawon daji ya iya saye.

Da aka fara ƙera na'urori masu ɗaukar taswira, sai wata matsalar ta kunno kai. Kamfanin Garmin ne ke sayar da taswirar a faifan CD, ana loda ta da manhajarsa ta MapSource, da yawa daga cikinsu kuma a kulle suke da lambar sirri da ke aiki a na'ura guda. Yadda aka tsara fayil ɗin, wanda ake kira IMG, kamfanin bai bayyana wa kowa ba. Sannan kuɗi yana wajen masu mota, saboda haka titi aka fi kula da shi. Ba za a ga laifin ɗan kasuwa ba: wa zai biya ma'aikaci ya taka kowace 'yar hanya a kan dutse domin mutum ɗari da ke bin ta a shekara? Mutanen Amurka sun ɗan yi sa'a, domin taswirorin hukumar binciken ƙasa ta USGS, sama da 50,000 a ma'aunin 1:24,000, mallakar jama'a ne, kowa na iya kwafa. A Birtaniya kuwa, hukumar Ordnance Survey tana da taswirorin da ba su da na biyu, amma sai da lasisi mai tsada. A mafi yawan sauran ƙasashe, in ka kunna na'urarka abin da za ka gani bai wuce babban birni da tituna uku huɗu a kan farin allo ba.

Daga Folan aka ɓalle kwaɗon. Wani masanin kwamfuta, Stanisław Kozicki, ya zauna ya warware yadda fayil ɗin IMG yake, ya rubuta manhajar cGPSmapper a farkon shekarun 2000. Aikinta shi ne ta karɓi rubutu na yau da kullum, wanda ke cewa ga layi nan, ga lambobinsa, kuma hanyar ƙafa ce ba titi ba, ta mayar da shi taswirar da na'urar Garmin za ta karɓa kamar daga kamfani ta fito. Har yau masu wannan sana'a suna kiran wannan salon rubutu tsarin Folan. Wani ɗan Rasha, Konstantin Galichsky, ya samar da GPSMapEdit, inda mutum zai zana layin da hannunsa yana gani. A 2005 kuma John Mechalas ya rubuta bayanin tsarin IMG ya sake shi ga duniya.

Inda kamfanoni suka yi watsi da shi, nan aikin ya fi kankama. A Folan aka yi UMP, a Ajantina Mapear, a Barazil Tracksource, a Malesiya da Singafo Malsingmaps. A Afirka ta Kudu matafiya masu ratsa daji da mota suka riƙa tara sawunsu, abin da ya zama Tracks4Africa. Dukkansu da sawun da mutane suka taka suka aiko aka gina su.

Aikin kansa yana da cin rai. Mutum zai ɗaure na'ura a kafaɗar jakarsa, inda za ta ga sama sosai, ya bi hanyar tun daga farko har ƙarshe, yana danna alama a kowace mararraba, da mashigin rafi, da maɓuɓɓugar ruwa, da bukkar fakewa. In ya dawo gida ya juye sawun a kwamfuta, sai ya tarar da layin ya yi ta tsalle. A ƙarƙashin manyan itatuwa saƙo yana raunana. A cikin kwari mai bangon dutse saƙon yakan bugi dutsen kafin ya iso, na'urar ta ɗauka mutum yana tsallaken rafi. Inda ya zauna cin abinci kuwa, layin yakan cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, domin na'urar ba ta daina lissafi ko da mai ita ya tsaya. Duk wannan sai an share da hannu. Masu tsantseni ba sa yarda da sawu guda: sai sun tara uku ko huɗu na ranaku daban-daban, su ja layi ta tsakiyarsu. Daga nan a yanke shawarar abin da zai fito in an matso da taswira da abin da zai ɓace in an ja baya, domin allon bai kai tafin hannu ba. Ga kuma ƙarancin wuri: eTrex Legend megabait 8 gare ta, Vista 24, ana loda su ta wata igiya mai nawar tsiya. Mai shirin tafiyar mako guda dole ya zaɓi yankin da zai ɗauka ya bar saura.

Musayar sawu ma da farko wahala ce, kowane kamfani da irin fayil ɗinsa. A 2002 kamfanin TopoGrafix na Dan Foster ya fitar da tsarin GPX, wanda kowa ke iya karantawa ba tare da biyan ko sisi ba, Robert Lipe kuma ya fara GPSBabel mai juya fayil daga wannan tsari zuwa wancan. GPX ɗin nan shi ne har gobe ake tura wa aboki in ana so ya bi hanyar da aka bi.

Saura tudu da gangare. Taswirar mai tafiya a ƙasa in babu layukan da ke nuna tsayin ƙasa, rabin taswira ce, domin kilomita biyu a fili daban, kilomita biyu a hawa daban. Maganin ya zo daga sama. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya da sandar rada mai tsawon mita 60, ya auna tsayin kusan kashi 80 cikin 100 na doron ƙasa. Aka saki bayanan kyauta, sai dai a wajen Amurka an rage kaifinsu zuwa awo guda a kowace mita 90. Suna da nasu aibin: a kurmi radar takan auna kan itatuwa maimakon ƙasa, a tsaunuka masu tsini kuma ta bar gurabe babu komai. Wani mutumin Sikotlan, Jonathan de Ferranti, ya shafe shekaru yana cike waɗannan gurabe, har da taimakon tsofaffin taswirorin sojan Sobiyat. Sai a watan Satumban 2014 Amurka ta fara sakin awon mita 30 ga sauran duniya, kuma da Afirka aka fara.

Abin da ya haɗe waɗannan ƙoƙari wuri guda daga Landan ya taso. Steve Coast, wanda tsadar bayanan Ordnance Survey ta ishe shi, ya kafa OpenStreetMap a 2004, ya fara da hawa keke yana zagaya Regent's Park da GPS. A watan Mayun 2006 'yan sa-kai suka yi gangami a tsibirin Isle of Wight, suka bi tituna da hanyoyin ƙafa suna ɗaukar sawu. Steve Ratcliffe ya rubuta mkgmap, manhajar kyauta mai mayar da bayanan OpenStreetMap zuwa fayil ɗin Garmin. Daga nan wanda bai taɓa zana layi ba ma sai ya sauko da fayil guda, ya jefa a katin ajiya, ya kama hanya. Jamusawa suka yi Freizeitkarte domin masu yawo a ƙasa, Felix Hartmann ya yi OpenMTBMap domin masu keken dutse. Ita kanta Ordnance Survey ta saki wani ɓangare na bayananta kyauta a watan Afrilun 2010.

A wannan shekarar ce aka ga cewa abin ya wuce nishaɗin ƙarshen mako. Girgizar ƙasa ta ragargaza Port-au-Prince, babban birnin Haiti, ranar 12 ga Janairu, kuma babu cikakkiyar taswirar birnin. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zana tituna da sansanonin waɗanda suka rasa matsuguni daga hotunan tauraron ɗan adam. Aka riƙa juya aikin zuwa fayil ɗin Garmin ana sabuntawa, masu aikin ceto suna lodawa a na'urorinsu. Dabarar da aka koya wajen neman hanyar hawa dutse ita ta yi wannan rana.

Garmin ma ya sassauto. A 2009 ya ba na'urorin Oregon da Dakota da Colorado damar ɗaukar hoton taswirar takarda. Mutum zai ɗauki hoton taswirar gandun daji, ya shimfiɗa shi a kan Google Earth, ya ja gefe-gefensa har rafin takarda ya hau kan rafin gaske, ya adana a fayil ɗin KMZ. Sharaɗin shi ne kowane yanki kada ya wuce ɗigo 1024 a tsaye da kwance, yankunan kuma kada su haura 100. Tarkon da ya fi kama sababbin shiga a nan shi ne ma'aunin asali, wato wanda ake lissafa lambobin wuri a kansa. GPS da WGS84 yake aiki, tsofaffin taswirori kuwa kowace ƙasa da nata: NAD27 a Amurka, OSGB36 a Birtaniya, a Najeriya kuma ma'aunin Minna. Wanda ya ɗauki lambobin tsohuwar taswira ya zuba kai tsaye bai juya su ba, komai zai goce masa da gomman mitoci, wani wurin ma fiye da 100, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

Yau wayar hannu ta karɓe mafi yawan kasuwar, kuma manhajojin tafiya da dama daga OpenStreetMap suke ɗibar hanyoyinsu. Wannan ya fito da wani aibi da masu aikin farko ba su cika damuwa da shi ba, domin su kaɗan ne kuma sun san daji. Ba kowane sawu ba ne hanya. Wani gwani zai bi ta kan tsini inda sai an sa hannu, ya zana layin, bayan shekaru baƙon da ya fito shan iska ya gan shi a waya da kauri ɗaya da turbar da yara ke bi. An aro ma'aunin ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Suwizalan, daga T1 mai sauƙi zuwa T6 mai hatsari, domin a riƙa liƙa wa kowace hanya matsayinta, amma ba kowane mai zane ke cikewa ba, ba kuma kowace manhaja ke nunawa ba. Ma'aikatan gandun daji a Amurka suka fara kokawa cewa ana turo musu jama'a ta hanyoyin da suka rufe domin ciyayi su farfaɗo, ko ta inda ake yawan zuwa ceto. A 2021 reshen OpenStreetMap na Amurka ya kafa kwamitin da ya haɗa masu zane da hukumomin filayen gwamnati da kamfanonin manhaja. Masu zane suka dage cewa ba za a goge hanyar da ke nan a ƙasa ba don kawai hukuma ba ta son ta. Abin da aka fi karkata a kai shi ne a bar layin, a rubuta a jikinsa wanda ke kula da shi, da ko an yarda a bi, da ko ƙafar mutane ce kawai ta fitar da shi, sannan masu manhaja su disashe irin waɗannan layuka ko su daina ɗora mutane a kansu in sun nemi hanya.