Gaya da gadarta: garin da ke cin abinci daga kayan da ke wucewa

Jama'a, duk wanda ya sayi shinkafa ko tsohuwar mota a Maraɗi ko Tawa kafin 2023, da wuya in kayan nan ba su bi ta Gaya ba. Amma mu nawa muka san yadda garin ya zama ƙofar ƙasa?

Gaya na bakin kogin Isa, cikin jihar Doso, kusan kilomita 300 daga Yamai. Ƙasar Dandi ce, wurin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa masu zuwa Gwanja neman goro kan ƙetare kogin ta wannan yanki. Ke nan zaman garin a kan hanya tsohon abu ne. Abin da ya sake shi ne girman kayan.

A 1936 Faransawa suka kawo layin dogo daga Kwatano har Paraku, nan ya tsaya. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram kuwa ta Kano take bi zuwa Ikko, abin da bai yi wa Faransawa daɗi ba, tunda hanyar Ingilishi ce. Shi ya sa a shekarun 1950 suka shirya tsarin da suka kira Opération Hirondelle: manyan motoci su sauka Paraku da gyaɗa, su komo da kayan kanti. To, mota ba ta iyo. A 1958 aka gina gada tsakanin Gaya da Malanbil, a ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara ta biyu.

Daga nan gari ya buɗe. Ofishin duwan ya jawo masu fiton kaya da ƴan kamasho, su kuma suka jawo ƴan dako, masu gyaran taya, mata masu tuwo, ƴan canji, daga baya ƴan kabu-kabu. Direban da ya kwana uku yana jiran takarda sai ya ci, ya yi wanka, ya kwana, kuma duk kuɗi ne. Baƙi suka zo suka yi gida, Hausa ta zauna a kasuwa kusa da Dandanci.

Sai dai ga inda nake son mu tsaya. Makullin gadar nan bai taɓa zama hannun mutanen Gaya ba. A ƙarshen 1963, rigima ta tashi tsakanin Nijar da Dahome a kan tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata ƴan Dahome, aka rufe iyaka. Maganar Lete ba ta mutu ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da kotun duniya ta ce tsibirin na Nijar ne. Shekara 60 bayan rufewar farko, abin ya sake dawowa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, Nijeriya ta yanke wuta, gada ta tsaya cik. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefe, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, da rakiyar sojoji.

Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan siyasa, ni ba ita nake tattaunawa ba. Abin da ya faru a gari shi ne mutane suka koma wa kwale-kwale, kamar zamanin kakanni. Masu jirgi suka samu, mai tuwon tasha ta rasa.

A ganina, kuɗin da suka ratsa Gaya shekara da shekaru sun fi abin da suka bari nesa ba kusa ba. Kuɗin duwan baitulmalin ƙasa suke tafiya, haka doka take, amma ƙurar motocin da lalacewar gudoro gari ake bar wa. Alhali abin da ba ya jiran a buɗe iyaka yana nan: shinkafar fadama, rake, kifi, giginyar Dallol Mawri, gishirin Foga. Su ne ya kamata komin ta fara dubawa in tana lissafin kasuwa, ruwan pampo da wurin ajiya, tun kafin motoci su dawo su sake ɗauke wa kowa hankali.