Zango da Maigida: Yadda Baƙo ke Sauka a Ƙasar Gwanja da Gana

A asalin Hausa, zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya kwana bayan tafiyar yini. A ƙasar Gana kuwa, inda ake furta kalmar da zongo, ma'anarta ta koma unguwar baƙi Musulmi da suka fito daga arewa, kuma da wuya a sami babban gari a ƙasar da ba shi da irin wannan unguwa. Abin da ya haɗa ma'anonin biyu shi ne tsarin karɓar baƙo da fatauci ya haifar, wanda ya tanadi inda sabon zuwa zai kwana, da wanda zai ci da shi, da wanda zai tsaya masa a makonninsa na farko, kafin ya san gari, gari ya san shi.

Tushen al'adar yana cikin fataucin goro. A ƙarni na 19 goron da ake ci a Kano da Katsina da Sakkwato daga kurmin Asante yake fitowa, ƙasar mutanen da Hausawan wancan zamani ke kira Tonawa. Babbar kasuwarsa ita ce Salaga a ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Ayari kan tashi da rani a ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, a ƙetare kogin Kwara, a ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ko a bi ta Sansanin Mango da Yandi, ana biyan fito da garama a hanya. Tafiyar kan ci wata biyu zuwa uku. Jakuna na ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata da gabu, ana kore da dawaki da shanu, kuma a cikin abin da ake kaiwa kasuwa a wancan zamani har da bayi.

Falken da ya iso Salaga yakan iso ne a gajiye, dabbobinsa sun rame, ba ya jin Gwanjanci balle harshen Asante, bai kuma san farashin ranar ba. Sarautar ƙasar tana Kpembe, kusa da garin, a hannun sarakunan Gwanja, kuma a mafi yawan ƙarnin hukumar Asante ba ta barin fataken arewa su zarce cikin kurmi su sayi goro daga tushe. Dole a zauna a Salaga a jira masu kawowa. Garin kuma yana fama da ƙarancin ruwa, har ya yi suna da yawan rijiyoyin da aka haƙa a cikinsa, baƙo kuwa bai san wadda zai ɗiba ba tare da ya shiga haƙƙin wani ba. Hatta ruwa da itace saye ake yi.

Wanda ke ɗauke wa baƙo wannan nauyi shi ne maigida, wato mai masauki. Galibi tsohon falke ne da ya daina tafiya, ya gina gida mai ɗakuna da yawa da babban zaure da turken dabbobi. Idan labarin ayari ya iso, yaransa kan fita bayan gari su taro shi. Tsohon falke ya san gidan da yake sauka, sau da yawa gidan da mahaifinsa ya sauka. Sabon shiga kuwa madugu ne ke haɗa shi da wani, kuma an fi duba gari, Bakano wajen Bakano, Bakatsine wajen Bakatsine. A zaure za a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da fura, a yi ina gajiya, a tambayi mutanen gida da lafiyar hanya. Ba a maganar ciniki a ranar. Yara su sauke kaya su jera a ɗakin ajiya a gaban mai su, a kai jakuna kiwo, da dare a fito da tuwo daga cikin gida. Kwana uku na farko baƙonci ne, bisa koyarwar Musulunci game da haƙƙin baƙo. A cikinsu ne maigida ke kai baƙonsa masallaci a gan shi, ya kai shi gaisuwa wurin liman da manyan unguwa.

Bayan an huce gajiya sai a shiga kasuwa, kuma a nan ne amfanin maigida ke fitowa fili. Shi ne tafinta, shi ne ke da dillalai, shi ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa. Baƙo kan zauna gefe dillali na ciniki a madadinsa, mai saye ya taya a ce albarka, ya ƙara a sake cewa albarka, sai an kai inda mai kaya ya yarda sannan a sallama. Yawancin ciniki bashi ne, a ɗauki kaya yau a biya bayan kwanaki. Mai saye bai san baƙon ba, baƙon bai san mai saye ba, amma dukansu sun san maigida, wanda ke da gida da iyali a garin, ba zai kwashe su ya gudu ba. Idan mai saye ya kasa biya, asarar a wuyan maigida take. Kuɗin wuri da aka tara ma a ɗakinsa ake ajiyewa har ranar tafiya. Ba a cika biyan kuɗin ɗaki ba. Ribar maigida tana cikin la'adar da ake cirewa a kowane ciniki, da kyautar da baƙo ke yi masa idan zai tafi. Saboda haka kyautata wa baƙo jari ne, domin falken da aka cuta zai ba da labari a kowane zango har Kano, baɗi kuma gidan ya wayi gari babu mai sauka.

A waɗannan makonni ne kuma sabon falke ke koyon sha'anin goro. Goro kaya ne mai rai, yana bushewa, sankara na cin sa. Yaran maigida ke nuna masa yadda ake ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan, da yadda ake tsince maras kyau, a jera mai kyau cikin ganye a ɗaure huhu, da yadda za a riƙa kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa. Wanda bai iya wannan ba kafin ya bar Salaga zai isa gida da asara.

Mafi yawan fatake sukan juya da zarar sun haɗa kaya, shi ya sa Hausawa ke cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma a kowane ayari akan sami masu zama: wanda jarinsa ya karye, da wanda ciwo ya kwantar, da malamin da ya sami ɗalibai, da saurayin da ya ga wurin zama. Irin wannan yakan fara da zama yaron maigida, yana taro ayari yana kai saƙo, daga nan ya zama dillali. Idan ya isa aure maigida ne ke shige masa gaba a matsayin uba, ya zama waliyyinsa, idan kuma ya rasu maigida ne ke tsayawa kan jana'izarsa, ya adana abin da ya bari har a sami mai kai wa magada.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya tarwatsa Salaga, amma ya yaɗa tsarinta. A 1874 Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya karkata zuwa kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa kan sarautar Kpembe ya watse garin. Fatake da malamai suka bazu zuwa Yeji da Kintampo da Kete-Karachi da garuruwan bakin teku. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, wanda ya zauna a Kete-Karachi yana limanci da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Duk inda suka sauka sukan nemi fili daga sarkin ƙasa a gefen gari, su gina masallaci da zaure, su ci gaba da saukar da baƙi.

A bakin teku akwai wata hanyar zuwa. Turawa sun kawo sojojin da ake kira Hausawa daga Ikko, wato Legas, domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wasunsu kuma da suka ajiye kaki ba su koma ba. A Ankara, wato Accra, Malam Naino ya sami fili daga sarakunan Ga ya kafa Zangon Malam wajen 1881, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Unguwar Nima ta biyo baya a shekarun 1930. A Kumasi zango ya bunƙasa ne bayan Turawa sun mamaye garin a 1896, musamman da jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903. Hukumar mulkin mallaka ta amince da muƙamin Sarkin Zango, wanda Malam Sallau Katsina ya riƙe daga 1919 zuwa 1932. A ƙarƙashinsa kowace ƙabila tana da nata shugaba, na Mosawa da na Zabarmawa da na Fulani da sauransu, kuma baƙon da bai san kowa ba ƙofar shugaban mutanensa ake nuna masa. Alhasan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, ya yi zama a Ankara inda mahaifiyarsa take, kuma yana cikin na farkon da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, abin da ya rage darajar tsohuwar hanyar jakuna.

A zamanin mulkin mallaka irin baƙin ma ya sauya. Koko da zinariya suka jawo samari masu zuwa cin rani daga arewacin Najeriya da ƙasar Nijar da ƙasar Mosi, mafi yawansu ba su da kaya sai ƙarfinsu. Irin wannan baƙo yakan sauka daga mota a tasha ya tambayi hanyar zango, a zango ya tambayi mutanen garinsu. Kwanansa na farko a zaure ne ko a shagon wani, tare da wasu samari. Aikin farko shi ne wanda ba ya buƙatar jari ko harshe, kamar dako a kasuwa, wanda har yau mutanen Gana ke kiran masu yinsa da sunan da ya samo asali daga kalmar kaya, ko gadi, ko taimaka wa mahauta. Mai son gona a haɗa shi da manomin koko, inda tsarin abusa ke ba mai kula da gona kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Wasu su wuce mahaƙar zinariya ta Obuasi ko Tarkwa. Abin da ya tara yakan ba maigida ajiya, ta hannunsa kuma saƙo ke zuwa daga gida. A kasuwar shanu ta Kumasi tsohon tsarin ya ci gaba yadda yake, maigida na saukar da masu shanu yana lamunce wa mahauta, kamar yadda Polly Hill ta bayyana a bincikenta na shekarun 1960.

Abubuwa biyu suka sauƙaƙa wa sabon zuwa zama, harshe da abinci. Hausa ta zama harshen zango, har Bamoshe da Bazabarme da Bayarabe da ita suke magana da juna, don haka Bahaushe yakan yi watanni kafin ya buƙaci harshen Twi ko na Ga. Sai dai yakan yi mamakin Hausar haifaffun wurin, wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba, a ce Hajiya ya zo. Wanda cikinsa bai saba da sakwarar rogo da ayaba ko dokunu ba yakan sami koko da ƙosai da safe a bakin masallaci, da rana shinkafa da wake, da dare tuwo, duk daga hannun matan zango. Waɗannan abinci sun fita daga zango sun zama na ƙasa baki ɗaya, sunayensu kuma na nuna asalinsu: waakye daga wake, tuo zaafi daga tuwon zafi, koose daga ƙosai.

Samun 'yancin Gana a 1957 ya shigo da abin da maigida ba ya iya bayarwa, wato takarda. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya samu ko ya bar ƙasar. Jama'a masu ɗimbin yawa suka fita, har da waɗanda a zango aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Gidajen saukar baƙi da dama suka mutu, ciniki mai yawa ya koma hannun 'yan ƙasa. Bayan kafa ECOWAS a 1975, yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, ko da yake wannan bai hana Najeriya korar baƙi a 1983 ba, akasarinsu 'yan Gana.

A yau mafi yawan mazauna zango 'yan ƙasar Gana ne, kuma a 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman domin raya unguwanninsu. Haya ta maye gurbin ɗakin kyauta, banki da wayar hannu sun karɓe ajiyar kuɗi da kai saƙo, kuma mai tafiya kan bar gida da lambar wanda zai tare shi a tasha. Sarakunan zango da shugabannin ƙabilu suna nan suna sasanta rigima, suna tsayawa kan aure da jana'izar wanda ba shi da dangi, a kasuwannin shanu da na albasa da na goro kuwa har yanzu baƙon ɗan kasuwa ta hannun maigida yake sayar da kayansa.