Yadda ɓauna ta ƙare a ƙasar Kabi

Yaron da ya tashi a Sabiyal ko Jega a yau ya fi sanin ɓauna a tatsuniya da kirarin maharba. Amma a da tana kiwo a dazuzzuka da fadamun Arewa, har da kwarin Gulbin Zamfara da ya bi ta Jega. Dabba ce mai son ciyawa da inuwa, ba ta kuma nisa da gulbi, domin kusan kullum sai ta sha ruwa.

Rauninta yana wajen haihuwa. Macen ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara biyar, cikinta na wata goma sha ɗaya ne, kuma ɗa guda take sauka da shi. Garken da aka yi wa ɓarna yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Masifa ta farko cuta ce. A 1887 ciwon bushiya ya shigo Afirka ta Massawa, a Iritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo. Kafin ƙarshen 1891 ya iso ƙasashen Hausa, ya share garkunan Fulani, ya kuma kama ɓauna, tunda dangin saniya ce.

Sai kuma bindiga. Maharbin zamanin da, mai kwari da baka, yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya matso kusa, ya saki kibiya mai dafi, sannan ya bi sawun jini. Aiki ne na kasada, don ɓaunar da ta ji rauni takan juyo kan mutum. Da bindigar toka da ta zamani suka yawaita, kisa ya yi sauƙi. Dokar Turawa ta 1916 da ta Jihar Arewa ta 1963 sun taƙaita farauta a takarda, amma daji ya fi ƙarfin masu gadi.

Fartanya ta ƙarasa aikin. Jama'a ta ƙaru, fadama ta koma gonakin shinkafa da albasa, mashaya ta zama ta shanu.

Ba a nan kaɗai aka yi wannan ɓarna ba: ɓaunar Amurka ta fi shan wuya. Daga miliyoyi masu yawa a farkon ƙarni na 19, masu cinikin fata, da taimakon jirgin ƙasa, suka mayar da ita kusan dubu ɗaya a 1889. Dokar 1894 da ta hana farauta a gandun Yellowstone, da ƙungiyar kare ta da aka kafa a 1905, suka tsamo ta. Yau yawanta ya kai dubbai ɗaruruwa.

A nan, abin da ya rage yana wurare irin su gandun dajin Kainji, da Yankari a Bauchi, da gandun W a kan iyakar Nijar, Benin da Burkina Faso. An kawar da ciwon bushiya daga duniya a 2011, amma mafarauta da masu sare daji suna nan. Idan waɗannan gandaye suka faɗi, samun iri zai yi wuya.