3.2 Kula da Ƙasar Noma da Ɗorewar Kasuwar Shayi a Siri Lanka

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nuna cewa matsayin Siri Lanka a kasuwar shayi ta duniya ya danganta ne da yadda aka riƙa kula da ƙasar noma.

Tun wajejen 1830 Turawan Ingila suka shiga sare dazuzzukan tsaunukan wannan tsibiri, wanda a lokacin ake kira Silon, suna dasa gahawa zalla. A shekarar 1869 wata cutar ganye ta ɓulla, kuma da yake shuka iri ɗaya ce ta mamaye gonakin, cikin kimanin shekara 20 noman gahawa ya durƙushe. Shayin da James Taylor ya fara dasawa a eka 19 kusa da Kandi a 1867 shi ne ya maye gurbinta.

Sai dai shayin ya gaji matsalar da gahawa ta bari, wato zaizayar ƙasa, domin ruwan sama yana wanke gangaren da aka raba da itatuwansa. Wannan ne ya sa a 1873 gwamnati ta hana sayar da dajin da ke sama da ƙafa 5,000. An kafa cibiyar binciken shayi a 1925, sannan aka yi dokar kare ƙasar noma a 1951. A 1965 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shayi. Amma daga baya Kenya ta sha gabanta, saboda daga cikin dalilai, gonakin Siri Lanka sun gaji, itatuwan shayinta sun tsufa, amfanin kowace eka ya gaza na Kenya.

A watan Afrilun 2021 kuma gwamnati ta hana shigo da takin zamani gaba ɗaya, ba tare da an tanadi isasshen takin gargajiya ba. Ko da yake an janye dokar a watan Nuwamba, shayin da aka samu ya ragu daga kimanin kilo miliyan 299 a 2021 zuwa miliyan 251 a 2022.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa sakaci da gaggawa duk sun cutar da wannan masana'anta. Ƙasar da aka shekara ɗari ana tatsa ba ta farfaɗowa da doka ta dare ɗaya, sai da dashen itatuwan inuwa, da gina magudanan ruwa, da sabunta shuka sannu a hankali.