Ana shan 'ya'yan tsada, amma ban da ƙwallon

Yaran da suka tashi a Agege ko Sabon Ibadan in sun zo hutu Lafia sukan ci karo da tsada a daji, su tambaya ko ana sha. Ana sha mana. Tsada ƙaramar bishiya ce mai ƙaya, masana na kiranta Ximenia americana. Ɗanta bai kai dabino tsawo ba, in ya nuna sai ya zama rawaya ko ja-ja, ga tsami kamar me. Ni tun ina bin shanun babanmu ta hanyar Doma nake shanta, ban taɓa jin komai ba sai dasashin haƙori.

A tsotse naman, a tofar da ƙwallon. Abin da ke cikin ƙwallon yana sa gudawa in an ci da yawa, ganyenta kuma na ɗauke da irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bini da zugu, da ake shinge da shi a gidaje da gonaki. Shi ma ɗansa rawaya yake yi, a ciki akwai baƙaƙen ƙwayoyi uku masu garɗi kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci. Ba a jimawa sai amai da gudawa. In haka ta faru kada a tsaya ɗura wa yaro manja, a kai shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci likita ya gani.